Noma ba ƙasa: Abin da bidiyon TikTok bai gaya wa ɗan Kwari ba



Idan kana cikin masu yawan danne-dannen waya, da wuya a ce ba ka ci karo da irin bidiyon nan ba. Wani matashi a cikin rumfar leda, ga fararen bututai jere reras, latas kore shar ya leƙo ta kowane rami, tumatir jawur yana reto a jikin igiya. Ba fartanya, ba laka, ba ko ƙwayar ƙasa. A ƙasan bidiyon kuma an rubuta cewa cikin wata uku za ka mayar da uwar kuɗinka har da riba. A layukan Kantin Kwari, musamman idan kasuwa ta yi sanyi bayan Sallah, irin wannan bidiyo yana yawo daga waya zuwa waya. Akwai yaran shago da dama da suka tara ɗan abin da suka tara, wasu ma ubangida ya sallame su, suna neman inda za su juya kuɗin.

To, abin ba ƙarya ba ne. Ana noma ba tare da ƙasa ba, kuma akwai masu cin abinci da shi har a nan Najeriya. Sai dai sana'a ce ta hannu, wadda ake zama a koya, kamar yadda babu wanda ya taɓa zama dilan atamfa don kawai ya kalli bidiyo. Kafin ka taɓa jarinka, zauna mu warware maganar.

Wai mene ne noma ba ƙasa?

Shuka ba ƙasa take ci ba. Abin da take nema a ƙasa shi ne ruwa, da iska ga saiwarta, da sinadaran abinci sama da goma, da kuma abin da za ta dafa ta tsaya. Idan ka iya ba ta waɗannan ta wata hanya, ba ruwanta da ƙasa. Wannan shi ne haidurofonik, wanda za mu riƙa kira noma ba ƙasa.

Ba sabon abu ba ne. Tun wajajen 1860 wasu masana biyu a Jamus, Julius von Sachs da Wilhelm Knop, suka raini tsirrai a cikin ruwan da aka narka wa sinadarai. Sunan haidurofonik kuwa William Gericke na Jami'ar Kalifoniya ta Amurka ne ya yaɗa shi a 1937. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sun noma kayan lambu ta wannan hanya a tsibiran da ba su da ƙasar noma.

Tsari uku aka fi gani. Na farko shi ne na bututu, wanda ya fi kyau a hoto: famfo yana tura siririn ruwan taki yana gudana a ƙarƙashin saiwa ba tsayawa. Na biyu shi ne na buhu ko bokiti, inda ake cika shi da garin ɓawon kwakwa ko buntun shinkafa da aka babbaka, a riƙa ɗiga masa ruwan taki ta siririn tiyo. Da shi ake noma tumatir, kokwamba da tattasai mai launi. Na uku shi ne na ruwa a tsaye, wanda ba ya buƙatar famfo ko wuta, za mu zo kansa a gaba.

Ka kuma bambance abu biyu da bidiyo ke cakuɗawa. Rumfar leda da raga, wadda wasu ke kira girinhaus, daban, noma ba ƙasa daban. Za ka iya kafa rumfa ka shuka a ƙasa a cikinta, za ka kuma iya noma a bokiti a tsakar gida ba tare da rumfa ba.

Holan ta atamfa, Holan ta tumatir

Duk ɗan Kwari ya san Holan ta hanyar atamfa. Amma a duniyar noma, wani suna gare ta daban. Ƙasar gaba ɗayanta kusan ninki biyu ne kawai na girman Jihar Kano, amma ta daɗe tana cikin ƙasashen da ke kan gaba a duniya a darajar kayan gona da ake fitarwa waje. A rumfunan gilashi na yankin Westland, murabba'in mita ɗaya yana ba da sama da kilo 50 na tumatir a shekara, wato sama da tan 500 a hekta. Matsakaicin abin da manomin fili ke samu a Najeriya bai kai tan 10 a hekta ba. A Almeriya ta ƙasar Sifaniya kuwa, rumfunan leda sun rufe sama da hekta dubu 30, har ana hango farinsu daga sararin samaniya.

Waɗannan alƙaluma su ne ake ɗauko wa a liƙa a bidiyo. Abin da ba a faɗa shi ne, manomin Holan yana da wuta dare da rana, da na'urori masu auna zafi da ruwa, da bashin banki mai sauƙi, da ilimin da aka gada kaka da kakanni. Gani ba ci ba. Kai da za ka fara a Kano, yanayinka daban, matsalarka ma daban.

Me ya sa maganar ta shafe mu a Kano?

Kano ba baƙuwar tumatir ba ce. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, yankin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam ya zama cibiyar noman rani. Je ka Kwanar Gafan a watan Fabrairu ka ga yadda ake loda kwanduna a manyan motoci zuwa Legas. A wannan lokaci tumatir yana yawa har ya zama abin tausayi, manomi ya sayar a faɗuwa ko ya yanka ya shanya. Ana ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a ƙasar nan yana lalacewa kafin ya kai tukunya.

Amma daga Mayu zuwa Yuli labari ya sha bamban. Zafi ya kashe na rani, na damina bai iso ba, sai ka ga uwargida tana ƙirga tumatir ɗaya-ɗaya a kasuwar 'Yankura. Ga kuma tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon, wadda masana ke kira Tuta absoluta. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta shiga Sifaniya a 2006, ta gangaro har ta iso mu. A 2016 ta cinye gonaki a Kano, Jigawa, Katsina da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir. A wannan shekarar ce aka buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, mai iya sarrafa tan 1,200 a rana, kuma ta sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir. A 2024 abin ya sake maimaituwa, babban kwando ya haura naira dubu 100 a kasuwannin Legas.

Akwai wani dalilin kuma da ya fi kusa da mu. Idan ka bi gefen Jakara daga Fagge, ta bayan Sabon Gari, ka nufi Kwakwaci da titin filin jirgi, za ka ga lambunan latas, alayyafo, kabeji da karas. Manoman nan jarumai ne, sun shekara da shekaru suna ciyar da gari a ɗan filin da suka samu. Matsalar ita ce ruwan. Jakara tana kwashe ƙazantar gidaje, can gaba kuma ta haɗu da rafin Getsi da ke ɗauko ruwan masana'antun Bompai. Masu bincike na jami'o'i sun sha samun dalma da wasu ƙarafa masu cutarwa a ruwan da ƙasar wurin. Latas kuwa ɗanye ake cin sa. Don haka wanda zai iya kawo latas mai tsabta, ya kuma nuna wa mai saye ruwan da ya yi amfani da shi, yana da abin sayarwa na gaske.

Ka ga ke nan ƙofa biyu ce a buɗe: lokacin tsada, da kuma tsabta. Duk wanda zai shiga wannan noma a Kano, ɗaya daga cikin ƙofofin nan zai bi.

Babban abokin gaba: zafi

A Turai ana gina rumfa ne don a tsare ɗumi. A Kano kuwa aikinka shi ne ka kori zafi. A watan Afrilu zafin rana yakan kai digiri 40, kuma cikin rufaffiyar leda ya fi haka nesa ba kusa ba. Tumatir idan zafin rana ya wuce digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, furensa zubewa yake yi ba tare da ya ɗaura 'ya'ya ba. Za ka ga shuka kore shar, doguwa, amma ba komai a jikinta. Latas kuma da zafi ya yi yawa sai ya miƙe ya yi tsiri, ganyen ya yi ɗaci. Ruwan tanki ma idan ya ɗumama, iskar da ke cikinsa raguwa take yi, saiwa ta fara ruɓewa.

Ga inda gizo ke saƙar. Lokacin da tumatir ke tsada shi ne wanda aka yi furensa a tsakiyar zafi. Wato ribar tana daidai wurin da aikin ya fi wuya. Wanda ya iya riƙe shukarsa a Afrilu da Mayu shi ne zai ci kasuwar Yuni.

Saboda haka rumfar da ta dace da Kano doguwa ce, mai tagar fitar zafi a ƙololuwarta, gefunanta duk raga mai ƙananan ido, samanta leda mai jure rana, da ragar inuwa da ake ja idan rana ta take. Tanki a binne shi ko a ajiye a inuwa a shafa masa farin fenti. Ƙofa biyu ake yi, ka rufe ta farko kafin ka buɗe ta biyu, don kada Sharon da farin ƙuda su bi ka ciki. Da hunturu ƙura takan toshe idon raga, dole a riƙa wankewa. Da farkon damina kuma iskar hadari tana iya yaye leda cikin dare ɗaya idan ƙafafun rumfar ba su kafu da kankare ba.

Yi lissafin ɗan Kwari

Kai da ka san ba a sauke dila sai an san wanda zai ɗauka, kada ka bar wannan wayon a ƙofar shago. Bari mu yi misali. Rumfar da aka fi tallatawa a ƙasar nan mita 8 ce a 24, wato murabba'in mita 192, tana ɗaukar tumatir kimanin tushe 500. A ɗauka kowane tushe ya ba ka kilo 5. Ka tashi da kilo 2,500. Idan kwando kilo 50 ne, kwando 50 ke nan, bayan wahalar wata biyar zuwa shida. A Kwanar Gafan, a watan Fabrairu, wannan bai cika mota ɗaya ba, kuma farashin ba zai biya maka ko kuɗin taki ba. A watan Yuni kuwa wata magana ce. Kamar kayan Sallah ne, wanda ya iso bayan an sauko daga idi ya zama kwantai.

Sai ruwa. Gaskiya ne wannan noma ya fi ban-ruwan kwari tattalin ruwa sosai, amma ba a yin sa da babu. Babban tushen tumatir a lokacin zafi zai iya shan lita 2 a rana. Tushe 500 lita 1,000 ke nan, wato jarka 40 mai lita 25, kullum. Idan a wurin 'yan garuwa za ka saya, ka buga lissafin da farashin unguwarku ka gani. Idan rijiyar burtsatse ce, a fara auna ruwan, don wani yana da gishiri ko kanwa da za ta ɓata haɗin taki.

Sai wuta. A tsarin bututu, idan aka ɗauke wuta famfo ya tsaya da tsakar rana, saiwa bushewa take yi cikin 'yan sa'o'i. Ba sola da batir, kada ka soma. Tsarin buhu ya fi haƙuri, don garin kwakwa ko buntu yana riƙe danshi, kuma idan tanki yana sama ruwa zai gangaro da kansa.

Sai wuri. A Fagge da Sabon Gari fili ya fi zinare tsada, shi ya sa ido ke komawa saman bene. Ka tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tankin lita 1,000 tan ɗaya ke nan, ban da nauyin jiƙaƙƙun buhuna. Kada ka ɗora wa rufin kankare wannan kaya sai da izinin mai gida da kuma injiniya ya duba. Babbar rumfa wurinta bayan gari.

Na ƙarshe, wanda ya kamata ya zo farko, shi ne mai saye. Kayan gwari ba shadda ba ne da za ka ninke ka mayar kanta. Latas da aka cire da safe, da yamma ya yi laushi. Zaga otal-otal, gidajen abinci, masu shawarma a Sabon Gari, manyan kantuna da masu girkin biki. Tambaye su me suke saye, nawa a mako, a wane farashi, kuma wane wata suke shan wahalar samu. Sau da yawa za ka tarar tattasai ja da rawaya, kokwamba da latas sun fi tumatir tsoka, don ba su da gasa da yawa daga noman fili. Da azumi ma cinikin kayan salak yana tashi. Kuma ka faɗa wa kwastoma gaskiya: kayanka masu tsabta ne, amma takin zamani ka narka a ruwa, kada ka ce masa na gargajiya ne.

Zaman shago: abin da hannu ne kaɗai ke koya

Yaron Kwari yakan shekara yana shara, yana ɗauko kaya daga sito, yana ninke turmi, kafin ya kai matsayin da zai shafa yadi ido a rufe ya gaya maka ko na asali ne ko jabu. Haka wannan noma yake. Ga kaɗan daga abin da sai ka tsaya kusa da wanda ya iya.

Haɗa taki. Ba buhun NPK na gona za ka zuba a ruwa ba, don ba ya narkewa duka, kuma babu wasu sinadaran a cikinsa. Takin wannan noma kashi biyu yake zuwa, A da B. Idan ka haɗa su da kaurinsu a mazubi ɗaya, sai su daskare su kwanta a ƙasa kamar alli, shuka ba za ta amfana ba. Kowanne daban ake zuba shi a cikin ruwa mai yawa.

Awo. Akwai 'yan na'urori biyu masu kama da biro. Ɗaya tana auna tsamin ruwa, wato pH, wanda ake so ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5. Idan ya fita daga nan, ga abinci a ruwa amma saiwa ba za ta iya ɗauka ba. Ɗayar tana auna kaurin taki, wato EC. Latas sassauƙa yake so, tumatir mai 'ya'ya ya fi son mai kauri. Kullum ake aunawa a rubuta a littafi, kamar yadda ake rubuta cinikin rana.

Karanta ganye. Idan tsofaffin ganyen ƙasa suka yi rawaya, wata magana ce. Idan sababbin na sama ne suka yi rawaya jijiyoyinsu na kore, wata maganar ce daban. Idan gindin 'ya'yan tumatir ya yi baƙi ya lotsa, yawanci ban-ruwa ne bai daidaita ba, sinadarin kalsiyam bai isa wurin ba. Farin zane mai kama da taga a jikin ganye kuwa, Sharon ce ta shigo. Hoto a waya ba ya koya maka wannan kamar yadda wanda ya sani zai juya ganye ya nuna maka da yatsa.

Sai aikin yau da kullum: rainon iri a tire, dashe da yamma, ɗaure shuka a igiya, fizge 'yan rassan da ke fitowa a hammatar ganye don ƙarfi ya tafi ga 'ya'ya. Har barbara ma aikinka ce. A cikin rumfa ba iska sosai, ba zuma, don haka da hantsi ake bi ana girgiza igiyoyin tumatir don furen ya ɗauka. Wanda bai san wannan ba zai zargi iri, alhali laifin hannunsa ne.

Ina ake koyo?

A nan gida akwai Cibiyar Nazarin Noma a Yankunan Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, wato CDA, da ke sabon mazaunin jami'ar a titin Gwarzo. An kafa ta a 2012, ta kuma shiga jerin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ke tallafawa a 2014. Tana da gonar horo mai rumfuna da ban-ruwan ɗigo. Akwai reshen Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, NIHORT, a Bagauda. Ga mai son takardar difloma, akwai Kwalejin Noma ta Audu Bako a Dambatta, da Kwalejin Tarayya ta Noman Lambu a Dadin Kowa ta Jihar Gombe. Malaman gona na KNARDA ma suna iya nuna maka hanya.

A 2021 an fara shirin HortiNigeria da kuɗin ofishin jakadancin Holan, a jihohin Kano, Kaduna, Ogun da Oyo, inda IFDC da sashen horarwa na kamfanin iri na East-West Seed suka riƙa koyar da manoma a gonakin gwaji. Yawancin wannan horo a Arewa na noman fili ne, amma kada ka raina shi. Rainon iri a tire, ɗaure shuka da gane ƙwari duk ɗaya ne, ko a ƙasa ko a buhu. Nemi manoman da suka ci gajiyarsa a Kura ko Bunkure, ka roƙi su bar ka ka yi musu aiki. A kudu kuwa akwai Soilless Farm Lab ta Samson Ogbole a Awowo ta Jihar Ogun, wadda ta horar da matasa masu yawa kan noma ba ƙasa tare da tallafin Gidauniyar Mastercard.

Duk inda za ka biya kuɗin horo, yi tambaya huɗu. Shin mai koyarwar yana da gonarsa da zan gani da idona? Ya taɓa ƙetare zafin Afrilu da shuka a raye? Zan taɓa aikin da hannuna tun daga iri har girbi, ko a ɗakin taro za a haska mini hotuna? Wa yake sayar wa kayansa? Idan horon na kwana biyu ne a otal, ƙarshensa kuma a ce ka sayi rumfa a wurinsu, to talla ka biya kuɗi ka saurara.

Fara da bokiti goma

Akwai hanyar gwaji da ba za ta girgiza jarinka ba. Bernard Kratky na Jami'ar Hawai ne ya yi fice da ita, shi ya sa ake kiran ta da sunansa. Sayi bokiti goma masu murfi a Ƙofar Wambai, kowanne mai lita 5. Huda murfin, ka zura ɗan kofin roba da ka yi wa ramuka. Sa garin kwakwa ko babbakakken buntu a kofin, ka dasa latas ɗan mako biyu zuwa uku. Cika bokitin da ruwan taki har ya taɓa gindin kofin.

Daga nan shuka za ta riƙa sha, ruwa yana sauka, saiwa tana bin sa. Sararin da ya buɗe tsakanin murfi da ruwa shi ne inda saiwar sama ke shaƙar iska. Kada tausayi ya sa ka sake cika bokitin fal, nutsar da ita za ka yi. Rufe jikin bokitin kada haske ya shiga gansakuka ta fito, waje kuma ya zama fari don zafi. Murfi ya rufu ruf, kada ka buɗe wa sauro gidan haya. Ajiye su inda ranar safe ke samu. Mafi kyawun lokaci daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma cikin mako huɗu zuwa shida da dashe ka isa girbi.

'Yar'uwa, ke ma wannan naki ne. Tsakar gida ta isa, kuma yadda kike tallar atamfa da leshi a WhatsApp, haka za ki tallata latas ga maƙwabta da masu girki.

Masu kiwon ragunan Sallah kuma za su ji labarin ciyawar tire, inda ake jiƙa masara ko alkama ta tsiro cikin kwana bakwai zuwa takwas, kilo ɗaya ya koma kilo biyar ko fiye. Dabba tana son ta, amma ka sani yawancin ƙarin nauyin ruwa ne, ba ta maye gurbin harawa da dusa. Idan ta yi fumfuna kuma, zubarwa ake yi.

Rubuta komai: kuɗin iri, taki, ruwa, ranar dashe, wanda ya mutu da dalilinsa. Idan goma sun rayu, je ka hamsin. Idan ka sayar da hamsin, gwada kokwamba a buhu ashirin ƙarƙashin 'yar rumfar raga da wani mai walda zai haɗa maka da ƙarfen Ƙofar Ruwa. Sannu ba ta hana zuwa.

Hattara da "zuba kuɗi ka kwanta"

Akwai masu cewa ba sai ka wahala ba, kawo kuɗi su noma maka a rumfarsu, duk wata ka ji alat. Mun ga yadda MMM ta ƙare a 2016, mun ga CBEX a 2025, kuma tsakanin 2020 da 2021 mutane da yawa sun rasa kuɗinsu a kamfanonin intanet da suka yi alƙawarin riba daga gona. Noma ba ya ba da tabbatacciyar riba duk wata, don shuka ba ta san ƙarshen wata ba. Duk wanda ya yanka maka riba tun kafin a shuka, tambaye shi rajistarsa da hukumar SEC, ka kuma ce ya kai ka gonar. Idan ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka.

Kada kuma ka saki shago don rumfa. Bokiti goma ba sa hana ka fita kasuwa, dubawar safe da ta yamma ta ishe su. Bari sabuwar sana'ar ta fara ciyar da kanta tukuna.

Aikin wannan makon guda biyu ne. Ranar da ba ka fita kasuwa, shiga 'Yankaba da sassafe ka tambayi dillalan kayan gwari wane kaya ne ke yankewa, a wane wata, kuma daga ina ake kawo shi idan ya yanke. Sannan ka nemi gona ɗaya mai rumfa, ka roƙi a bar ka ka riƙa zuwa kana taya aiki kyauta har a yi girbi ɗaya. Wanda ya riga ya gwada bokiti ko buhu a gida, ya turo mana hoto da lissafinsa, na riba ko na faɗuwa, don 'yan'uwa su ƙaru.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.